Sunan da Mai Almakashi Ya Sa wa Babanmu

Babanmu ba ya tambayar mai abu. Da wannan ƙa'idar ya yi aiki har furfura ta cika masa gemu. Gyaran keken ɗinki yake yi a wani kamfanin ɗinka kayan makaranta da rigunan ma'aikata, a wani ɗan lungu da aka keɓe masa da katako a ƙarƙashin matakalar bene. Idan tela ya kinkimo kan kekensa ya fara bayanin cewa shi fa yana cikin ɗinkinsa sai kawai ya ji ƙas, Baba zai ɗaga masa hannu ya ce ya ajiye ya tafi. A wurinsa duk mai keke maƙaryaci ne, ba don mugunta ba, don kunya. Wanda ya ɗura wa keke man girki ba zai faɗa ba, wanda ya yar da ƙoshiyar zare ya taka ta ba zai faɗa ba. Sai mutum ya ba da baya sannan Baba ya juya keken a hankali, ya kara kunne, ya shinshina man, ya ɗaga allura ya duba ta a haske. In bai gamsu ba ya hau sama ya tambayi telan da ke zama a dama da wanda ke zama a hagu. Mai keken dai ba a bi ta kansa.

Da a keke abin ya tsaya, da mun huta. Amma haka yake yi da mutane. In Yayarmu ta dawo daga makaranta ido a kumbure ba zai ce mata komai ba, sai ya sa takalmi ya tafi wurin mai sayar da ruwa a ƙofar makarantar. Lokacin da mijina ya fara zuwa gidanmu, Baba bai tambaye shi ko sunan unguwarsu ba, amma sai da ya gano mai askin da ke masa aski, ya kuma ji abin da mai shagon layinsu ke faɗa a kansa. In mai gishiri ya yi masa gyara, ya ce gishirin ya sha ruwa. In ka gaishe shi da fara'ar da ta fi ta jiya, zai wuni yana juya gaisuwar yana neman abin da kake so a wurinsa. Ni ce autarsa, ina son shi kamar raina, amma zama da shi sai mai haƙuri.

Mahaifiyarmu ta rasu ina jinjira, ta bar mu uku: Yaya, da wanmu, da ni. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo da zanin goyo ta ce a ba ta ni. Kawu ya ce shi a ba shi namijin. Baba ya saurare su har suka gama rabon, sannan ya ce babu inda ɗayanmu zai je. Gwaggo har gobe cewa take ba ƙauna ba ce ta hana shi, zargi ne, gani yake ragowar abinci za a riƙa ba mu. Bai ƙara aure ba, domin duk matar da aka kawo masa maganarta sai ya je ya tambayi dama da hagu ya dawo da aibinta a hannu. Shi ya koyi girki, shi ya koyi kitso, wani irin kitso mai kama da hanyar da ruwa ya ci, wanda Yaya ta sha dariyar ƙawaye a kansa. Ni kuwa da ni yake tafiya aiki, ya kwantar da ni a kwalin zare a ƙarƙashin teburinsa.

Mutum ɗaya ne a duniya ya tsallake shingen Baba, shi ne Mai Almakashi. Bangali ne, kamfani ya ɗauko shi daga ƙasarsu mai nisa don yankan yadi, a daidai shekarar da aka haife ni. Gajere ne siriri, tabarau rataye da zare a wuya, alli a bayan kunne, da wani ƙaton almakashi da ba ya ba kowa ko taɓawa sai Baba in zai wasa masa. Yarenmu ya iya shi a karye, namiji ya koma mace, mace ta koma namiji, amma ana gane shi. Kullum da rana sukan zauna a wani benci a bayan tankin ruwa, kowa ya buɗe kwanonsa a tsakiya. An ce da farko Baba ya daɗe ba ya sa hannu a kifin mutumin sai ya ga ya ci daga gefen da ya miƙo masa. Daga baya kuwa har ƙorafi yake in barkono ya yi kaɗan. Ba wata hira suke yi ba, ci ne da kallon kaji masu kiwo a gindin tanki, amma in Mai Almakashi ya yi zazzaɓi bai zo ba, ranar a gida muke jin jiki.

Tun da na yi wayo, Kasowari nake jin Mai Almakashi yana kiran Baba. Zai leƙo lungun ya ce Kasowari, abinci yana hucewa, Baba ya ce na'am ya goge hannu. Baba ya ɗauka kalmar aboki take nufi a yaren Bangali, ko bakanike. Abin mamaki, mutumin da ke binciken mai gishiri bai taɓa binciken wannan sunan ba.

Da idon Mai Almakashi ya fara rauni, kamfani ya ce zai sallame shi ya koma gida, aka kawo wasu samari biyu 'yan ƙasarsu don ya koya musu aikin kafin ya tafi. Wata rana da tsakar rana ya leƙa lungun Baba ya yi kiran da ya saba, samarin suna bayansa. Suka kalli juna suka tuntsire da dariya. Ɗayan har ya miƙar da wuya, ya yi taku biyu yana ɗaga ƙafa sama-sama. Mai Almakashi bai gani ba, ya riga ya yi gaba da kwanonsa. Baba ya gani. Ranar ya dawo gida da abincinsa ko buɗewa bai yi ba.

A lokacin ni da mijina muna zaune tare da shi, don Yaya da wanmu duk sun yi nisa. Da na matsa masa ya ba ni labari, na ce ai abin mai sauƙi ne, gobe ya tambayi abokinsa ma'anar sunan. Ya dube ni kamar na ce ya sha man keke.

"A tambayi mai keke?" ya ce.

Na ce masa mutumin nan fa tafiya zai yi, kuma ba shi da wani aboki bayan shi, kada ya ɓata sauran kwanakin a banza. Ya ce ai shi ya sa yake so ya san da wa ya zauna duk shekarun nan, kafin ya tafi yana masa dariya a jirgi.

Haka bincike ya tashi. Ya fara da ɗaya daga cikin samarin, ya tare shi a wurin wanke hannu ya tambaye shi kamar da wasa. Yaron ya ce sunan wani ƙaton tsuntsu ne, ya sake yin dariya. Baba bai karɓa ba, ya ce ɗan ƙasarsu ne, dole ya rufa masa asiri. Ya tafi wurin maƙwabcinmu mai koyar da Faransanci, shi kuma ya ce su kazowar suke cewa, kuma tsuntsu ne. Ya je shagon Balaraben da yake sayen allura da bel ɗin keke a wurinsa, Balarabe ya ce bai taɓa jin kalmar ba, amma da ya duba wayarsa ya ce tsuntsu ne, kuma akwai masu rubuta shi kusan haka da Larabci. Malamin Turancin da ke kawo wa Baba keken matarsa shi ma bai canza zance ba. Na zaci magana ta ƙare, ashe yanzu ta fara. Baba ya ce ta yaya mutanen da ko sunan ruwa bai zo ɗaya a bakinsu ba za su haɗu a kan kalma guda? Wannan ai haɗa baki ne, an riga shi zuwa wurinsu.

Na zauna na yi masa bayanin da na samu, cewa tsuntsun ba ya rayuwa a ƙasar Bangali ko ta Larabawa ko ta Faransawa, can wasu tsibirai ne na gabas, shi ya sa yawancin mutane suka ari sunan da mutanen yankin ke kiransa da shi, kowa ya lanƙwasa shi daidai harshensa. Da na sani da na yi shiru. Baba ya gyara zama ya ce to ashe ma ba yarensa ba ne. Mutum ya tsallake kalmomin yarensa kaf, ya je wata uwa duniya ya aro kalma don ya kira ka da ita, ai ka san ba ya so a gane abin da yake nufi. Ana cikin haka wani injiniya ɗan Sin ya zo haɗa sabon inji a kamfani, Baba ya sa tafinta ya tambaye shi. Ya ce su wani sunan da suke kiransa da shi yana nufin kaza mai cin wuta. Baba ya dawo gida ya ce yau dai ya gamu da mai gaskiya guda ɗaya.

Mijina ne ya ƙarasa ɓarnar, da kyakkyawar niyya, kamar yadda ya saba. Ya nemo hoton tsuntsun a waya ya miƙa wa Baba don ya ga ba abin tashin hankali ba ne. Tsuntsu ne baƙi ƙato, dogon wuya shuɗi, jar fata na reto a maƙogwaro, wani tudu a kai kamar an kifa masa hula, ga ƙafafu masu kauri da farce kamar wuƙa. Mijina kuma ya ci gaba da karantawa da ƙarfi, ina ta taka masa ƙafa bai ji ba: ba ya iya tashi sama, ba ya son a kusance shi, shura yake yi da ƙafa, har yakan ji wa mutum mummunan rauni. Babanmu dogon wuya gare shi, ba ya rabuwa da doguwar hula, kuma takalminsa sai an sha yawo a kasuwa kafin a samu daidai shi. Ya daɗe yana kallon hoton. Na ga ya kai hannu ya shafa wuyansa.

"Shekara da shekaru ina amsawa," ya ce, ya ajiye wayar ya shiga ɗaki.

Ban taɓa ganin kunya a fuskar Baba irin ta ranar ba, kuma ta yi mini ciwo. Daga nan ya daina zuwa benci. Yakan ja ƙofar lungunsa ya ci abinci a tsakanin kawunan kekuna. Mai Almakashi ya zo ya ƙwanƙwasa ya kira sunan, shiru. In ya aiko da almakashi, Baba zai wasa shi tas, don aiki aiki ne, amma ya ba wani tela ya mayar. A gida ya rage magana, wandonsa ya fara yi masa yawa. Ni kaina na soma jin haushin mutumin, ina cewa ashe mai shiru-shirun nan haka yake.

Da tafiyar ta matso na kasa daurewa. Ni ban gaji ƙa'idar Baba ba, in abu ya dame ni mai abun nake nema. Na je kamfani na hau ɗakin yanka, na same shi shi kaɗai a kan dogon teburinsa, ya kusa manna hanci da yadi yana bin layin alli. Da ya gan ni ya washe baki ya ce 'Yar Kwali, sunan da yake kirana da shi ke nan. Ban ko amsa gaisuwar da kyau ba na ce, Kawu, me Babanmu ya yi maka da za ka shekara kana kiransa da sunan mummunan tsuntsu mai shurin mutane?

Ya ajiye almakashi, ya cire tabarau, ya zauna a kan dilar yadi. Ya ce ashe abin da ya faru ke nan, shi yana ta zaton ko wata magana ya faɗa a karye ta zama zagi. Sai ya ba ni labari da yarensa mai ɗingishi. Kafin ya zo nan ya yi aiki a can ƙasar tsibirai, kuma ranar hutu yakan je gidan namun daji don ba shi da kowa. A can ya ga tsuntsun yana tafe, 'yan tsaki masu zane-zane suna bin sa a baya. Ya ce wa mai kula da su uwar nan ta iya reno, mutumin ya ce ba uwa ba ce, uba ne. Macen in ta saka ƙwai tafiyarta take yi. Namijin ne ke kwanciya a kansu makonni, ko abincin kirki ba ya ci, in sun ƙyanƙyashe shi ke yawo da su watanni, kuma duk wanda ya matso kusa da su zai sha ƙafa.

Ya ce a satinsa na farko a kamfanin nan zare ya yanke masa, aka ce ya duba lungun bakanike. Ya shiga bai ga kowa ba, ya hango kwalin zare a ƙarƙashin tebur, ya sunkuya zai jawo. Bai san daga inda ƙafa ta fito ba, sai jin sa ya yi a ƙasa. Ya ɗage wandonsa ya nuna mini wani ɗan tabo a ƙwauri. Yana kwance yana riƙe da ƙafa ya ga wani dogon mutum mai hula ya tsaya tsakaninsa da kwalin, a cikin kwalin kuma jinjira tana barci. Ya ce kafin ma ya tashi sunan ya fito daga bakinsa. Samarin kuwa, in ji shi, hoton tsuntsun kawai suka sani, yara ne.

Ya juya tabarau a hannu, sannan ya ce, "Ni 'ya'yana a hoto suka girma. 'Yata ta yi aure, a waya na kalla. Babanki ta zauna a kan ƙwai, ni na tashi na bar nawa. Kullum in na kira sunan, kishi nake yi."

Na sauko matakalar ina share hawaye, na wuce lungun Baba kai tsaye na zayyana masa komai. Ya saurara yana goge wata ƙoshiya da tsumma. Da na gama ya ce mai keke ya yi bayani ke nan, kuma ya tsara shi da kyau, tun da ya san wadda za ta zo mai saurin kuka ce. Raina ya ɓaci har na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce to ya je ya tambayi dama da hagu, amma ya sani jirgi ba zai jira shi ba.

Kuma ya je ɗin. Mijina ya karanto masa zancen ƙwai a waya, ya ce waya abin da aka zuba mata take faɗa. Ya tafi wurin likitan dabbobi, ya yi zaman jira a tsakanin masu awaki, likita ya duba littattafansa ya ce gaskiya ne, namijin ke reno. Ya nemo tsohon mai gadin kamfani da ya daɗe da barin aiki, har gida, tsohon ya yi dariya har da tari ya ce wa zai manta ranar da bakanike ya shure baƙo. Baba kansa ya manta, don a shekarun nan ba mutum ɗaya ya shura saboda mu ba. Kowace tafiya ta ci masa yini, kwanaki suna ta zubewa, ni kuma na daina yi masa magana a kai.

Ranar tafiyar da safe na same shi a tsakar gida zaune, ya sa hula ya sa takalmi amma bai fita ba. Ya ce halin tsuntsu ya tabbata, shuri ma ya tabbata. Abin da ya rage shi ne abin da mutumin yake nufi a ransa duk lokacin da ya kira sunan, kuma ya duba ya rasa wanda ke zaune a dama ko a hagun wannan. Na ce masa saura mutum ɗaya ke nan. Ya tashi ya shiga kicin da kansa, ya soya kifi ya zuba barkono har ina atishawa.

Kifin ne ya makarar da mu. Muna isa motar kamfani ta riga ta tsaya a bakin ƙofa, an loda akwatuna, direba ya tayar da inji, Mai Almakashi yana zaune a baya. Baba ya ƙarasa da kwano a hannu ya sunkuyar da dogon wuyan nan ta taga. Ina kusa, na ji abin da Baba ya tambaye shi.

"Abin da ka faɗa wa yarinyar nan, haka kake nufi?"

"Haka nake nufi, Kasowari."

"Na'am," in ji Baba.

Ya tura masa kwanon ta taga, suka riƙe hannun juna, direba yana duba agogo. Benci yana can bayan tanki ana hango shi, amma babu lokacin zama. Motar ta ja, Baba ya tsaya a wurin har ta sha kwana, kuma bai je ya tambayi kowa ko amsar gaskiya ce ba.

Yanzu ya bar aiki, 'yata yake reno in na fita, kuma ko ni uwarta sai na yi sallama kafin in ɗauke ta daga gefensa. Halinsa na nan, har yanzu gishirin gyara ya sha ruwa. Mijina ya taɓa gwada kiransa da sunan don wasa, Baba ya ce masa sunan yana da mai shi. Mai shi yakan bugo waya wani lokaci, layin yana yankewa, Baba yana cewa da gangan kamfanin waya ke yi. Sau ɗaya ya taɓa yi mini zancen makonnin da suka wuce a banza, muna tsintar shinkafa, bai ɗago kai ba. Ya ce benci yana nan, mutumin yana nan, shi kuma ya rufe ƙofa yana cin abinci da kekuna.